Ku Tambaya A Ba Ku Amsa: Tattalin Ruwa A Cikin Gida

Tun da bazara ta kama, kusan duk wasiƙar da ta iso wannan fili a kan ruwa take magana. Ba abin mamaki ba ne, domin a Maraɗi watannin Afrilu da Mayu su ne lokacin da zafi yake haura digiri 40, buƙatar sha da wanka take ninkawa, famfo kuma yake yin rauni a wasu unguwanni har sai mutum ya yi sammako ko ya raba dare kafin ya cika duro ɗaya. Na zaɓi bakwai daga cikin wasiƙun, na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda aka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu goma sha huɗu ne a gida, da iyalina da ƙannena. Wata uku ke nan kuɗin ruwan da ake kawo mini yana hawa, alhali ba mu ƙaru da mutum ko ɗaya ba. Na ga ana tallar wasu kawunan famfo a Facebook, wai suna rage ɓarnar ruwa da rabi. In saya wa kowane famfo na gidan, ko kuwa yaudara ce? Daga wani magidanci a unguwar Ali Ɗan Sofo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba yaudara ba ce, amma kada ka fara da su. Gidan da mutanensa ba su ƙaru ba kuɗin ruwansa kuma yana hawa, abin da ya kamata a fara zargi shi ne yoyo, kuma kan famfo komai tsadarsa ba ya toshe bututun da ya tsage a ƙarƙashin ƙasa.

Ga gwajin da ba zai ci maka ko dala ba. Ka zaɓi daren da ruwa yake zuwa sosai, ka bari shaton gidan, wato tankin ajiye ruwa na sama, ya cika, sannan a rufe kowane famfo, a gaya wa kowa kada ya taɓa ruwa sai da asuba. Ka duba mitar ruwa ka rubuta dukan lambobinta, baƙaƙe da jajaye. Baƙaƙen su ne kubik, kowane ɗaya lita 1,000, wato jarka arba'in mai lita 25, jajayen kuma su ne ƙananan ma'aunai. Kafin a tashi alwalar asuba ka sake dubawa. Idan lambobin sun motsa, to akwai inda ruwa yake tsiyaya. Na taɓa yin wannan gwaji a gidana bayan na sha faɗa da yara a kan laifin da ba nasu ba. Abin da ya tona asirin wurin yoyon shi ne wata bishiyar lemun tsami da ke bayan ɗakin girki, wadda ta yi kore shar a tsakiyar rani alhali ba mai ba ta ruwa. Da muka tona gindinta sai muka tarar mai gyaran da ya taɓa yi mana aiki ya haɗa bututu biyu ya ɗaure su da tsohuwar robar tayar babur, rana da zafin ƙasa suka cinye ta. Lemon ya ji daɗi, aljihuna ne bai ji ba.

Bayan bututun ƙasa, wurare uku ne suka fi cin ruwa a ɓoye. Akwai famfon da yake ɗiga. Ka tara masa kwalbar roba mai lita ɗaya da rabi. Idan ta cika cikin awa biyu, to lita 18 ke nan a yini da dare, lita 540 a wata, fiye da jarka ashirin da ɗaya daga famfo guda. Da yayyafi kogi kan cika. Maganinsa galibi 'yar robar da ke cikin kan famfon ce, wadda kuɗinta bai kai na shayin safe ba. Akwai kuma shaton da ba shi da ƙwallon da ke rufe ruwa idan ya cika, ko yana da shi ya lalace, sai ruwa ya kwana yana ambaliya ta bayan gida ba wanda ya sani. Na ukun shi ne tankin masai na zamani, idan kuna da shi. Ka zuba ɗan bular wanki a cikin tankin, kada kowa ya ja ruwa har kwata ɗaya na awa. Idan shuɗi ya bayyana a cikin kwanon, robar ƙasan tankin ta mutu. Tsofaffin tankuna suna sakin lita 9 zuwa 12 a ja ɗaya, na yanzu masu maɓalli biyu kuwa lita 3 ko 6. Idan ba ka shirya canjawa ba, ka cika kwalbar lita ɗaya da rabi da yashi da ruwa ka tsayar da ita a gefen tankin inda ba za ta taɓa ƙarfen ba. Mutum goma sha huɗu, kowa ya ja sau uku, lita 63 ke nan ka tsirar kowace rana.

Sai bayan wannan ne za a zo ga abin da ka gani a talla. Aikinsa shi ne ya gauraya iska da ruwa ta cikin 'yar raga, sai hannu ya ji kamar ruwa mai yawa ne yake zuba alhali kusan rabi ne. Yana da amfani a inda ruwa yake bi ta kan hannu ya wuce, kamar wurin wanke hannu da wurin alwala. A famfon tsakar gida da ake cika bokiti ba shi da wani amfani, domin bokitin lita 15 sai ya sha lita 15, jira kawai za ka ƙara wa mai ɗiba. Ragar tana kuma toshewa da yashi, sai an riƙa kwance ta ana jiƙawa cikin ruwan lemun tsami. Ka sayi biyu ka gwada tukuna. A famfon da yara suka fi zuwa kuwa, na fi ganin amfanin irin wanda ake dannawa ya rufe da kansa. Ka kuma tuna cewa farashin ruwan famfo hawa-hawa ne: kubik ɗin farko suna da sauƙi, na sama sun fi tsada, saboda haka duk abin da ka rage daga mai tsadar kake ragewa.

Tambaya: Malam, ina wuni. Ruwan wanki da na wanka ya zame mini abin faɗa da maƙwabta, domin gologonmu yana cika ya malala cikin lungu. Ina da zogale uku da gwaba ɗaya a tsakar gida da nake saya wa ruwa wurin 'yan garuwa. Zan iya ba su wannan ruwan ba tare da sun mutu ba? Daga wata uwargida a Bagalam.

Amsa: Lafiya lau, Hajiya. Za ki iya, kuma da jifa ɗaya za ki huta da kuɗin garuwa da kuma faɗan lungu, amma sai kin rarrabe ruwan, domin ba duk ruwan da ya fita daga aiki ba ne iri ɗaya. Iyayenmu sun san wannan tun kafin a kawo famfo garin nan: ƙasarin da aka wanke gero da shi ba a zubar da shi, na jar akuya ne da ke ɗaure a turke, ruwan wanke shinkafa kuma gindin kabewa ake kai shi.

Ruwan da aka wanke ganye, tumatir, shinkafa ko hatsi da shi, da ruwan ɗaurayar ƙarshe na wanki, waɗannan ki kai su gindin bishiya kai tsaye. Ruwan wanka shi ma bishiyoyi suna ɗaukarsa lafiya. Ruwan farko na wanki, mai kumfar omo, shi ne abin lura, domin garin sabulu yana ɗauke da gishiri mai yawa, idan kuma aka daɗe ana zuba shi wuri ɗaya sai ƙasa ta taurare, bakin ganye ya fara ƙonewa. Wannan ya fi dacewa da wanke masai, da goge daɓe, da yayyafa wa ƙofar gida don kwantar da ƙura. Ruwan da aka sa wa jabel, wato sinadarin faranta kaya, kada ya je kusa da shuka. Ruwan wankin tsumman jariri, ko kayan marar lafiya, ko na wanke ɗanyen nama, wannan masai ne makomarsa, ba wani wuri ba.

A wurin wanki ma akwai dabarar da take rage ruwa tun daga tushe. Ki jera baho uku. Ki fara da fararen kaya, sannan masu launi, sannan na yara masu dauɗa. Idan ruwan bahon farko ya mutu sai a kai shi masai, na ɗaurayar farko ya koma na saɓa sabulu, na ɗauraya ta biyu ya matso gaba, sabon ruwa kuma baho ɗaya kawai za a zuba wa. Haka ruwa ɗaya yake yin aiki uku kafin ya bar gidan.

Game da ruwan banɗaki, abin da nake ba da shawara shi ne a karkatar da bututunsa daga gologo zuwa gindin bishiyoyin. A haƙa rami marar zurfi, kamar kamu ɗaya, kewaye da gwabar amma ba jikin kututturenta ba, a cika shi da kara da busasshen ganye da ɓawon gyaɗa, bakin bututun ya shiga ƙarƙashin wannan shimfiɗa. Ƙasar Maraɗi ta tudu rairayi ce, tana shanye ruwa nan da nan, don haka ba za ki ga kwantaccen ruwa ba balle wari ko sauro. A bakin magudanar cikin banɗakin a sa 'yar raga don tare gashi da ɓarɓashin soso. Idan kina so ki haɗa da ruwan wanke-wanke, to sai ya fara bi ta ƙaramin bokiti mai murfi inda maiƙo zai taso sama a riƙa kwashe shi, in ba haka ba zai liƙe ƙasar ta daina sha.

Wasu sukan cika duro da tsakuwa a ƙasa, gawayi a tsakiya, yashi a sama, su sa famfo a gindinsa, su riƙa tace ruwan wanka ta ciki. Yana fitar da ruwa garau, amma ba ya cire gishirin sabulu, ba ya kuma kashe dukan ƙwayoyin cuta, sannan yana bukatar a riƙa wanke yashin. Ga bishiya huɗu ba ki bukatarsa. Abin da kike bukata shi ne ki kiyaye abu biyu. Kada ruwan da aka yi aiki da shi ya kwana fiye da dare ɗaya a ajiye, domin a zafin nan yini guda ya isa ya ruɓe. Kada kuma ya taɓa ganyen da za a ci ɗanye, irin su latas da kabeji. Zogalenki ba shi da matsala tun da ruwan a ƙasa yake, ganyen a sama, kuma dafa shi ake yi kafin a kwaɗa. Daga lokaci zuwa lokaci ki ba su ruwa mai kyau. Damina ma za ta wanke miki gishirin da ya taru.

Tambaya: Malam, Allah ya hore mini fili a bayan unguwar Zariya, ina shirin fara gini bayan damina, ɗaki biyu da falo. Me ya kamata in gaya wa magini tun yanzu domin gidan ya zama mai tattalin ruwa? Ana ta ce mini in tara ruwan sama. Daga wani matashi ɗan kasuwa.

Amsa: Allah ya sa albarka, ƙanena, kuma ka yi tambayar a kan kari, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da za a yi da bututu guda kafin a zuba siminti, sai an fasa daɓe kafin a yi shi daga baya.

Bari mu fara da lissafin ruwan sama, tun da shi ne ake yawan zuzutawa. Milimita ɗaya ta ruwa a kan rufi mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya tana ba da lita ɗaya. Maraɗi tana samun wajen milimita 500 a shekara, daga Yuni zuwa Satumba, mafi yawansa a Agusta. Idan rufin kwanonka ya kai murabba'in mita 60, to lita 30,000 ke sauka a kansa; ka cire kashi ɗaya cikin biyar da zai fantsama ko a zubar, saura lita 24,000, wato duro 120 masu lita 200. Ruwan dare ɗaya mai milimita 30 ma kaɗai ya isa ya cika duro bakwai. Ka ga ke nan duro ɗayan da muke turawa ƙarƙashin indararo ɗan abin da yake kamawa kaɗan ne.

Sai dai kada a ruɗe ka. Matsalar ba samun ruwan ba ce, wurin ajiye shi ne, domin cikin wata huɗu yake sauka, wata takwas kuma kusan ba ɗigo. Matattarar ƙasa ta siminti mai mita biyu a tsawo, biyu a faɗi, ɗaya da kwata a zurfi tana cin lita 5,000. Gida mai mutum takwas, kowa lita 30 a rana, zai shanye ta cikin mako uku. Saboda haka ba za ta kai ka bazara ba. Amfaninta shi ne ta ɗauke maka wanki da wanka duk tsawon damina, tana cika tana raguwa, idan rani ya yi kuma ta zama ma'ajin ruwan famfo na ranakun da aka ɗauke. A wurina wannan ya isa dalilin gina ta. A yi mata murfi mai nauyi da kwaɗo saboda yara, a sa raga a duk ƙofar da sauro zai bi, a kuma nisanta ta da ramin masai gwargwadon yadda filin ya ba da hali, tana sama shi yana gangare.

Ruwan farko na shekara a bar shi ya tafi gaba ɗaya, domin wankin rufi yake yi daga ƙurar hunturu da kashin tsuntsu da na ƙadangare. A kowane ruwa kuma a zubar da na 'yan mintocin farko. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar gwiwar bututun da ke saukowa daga indararo tana juyawa da hannu: a karkata ta waje, idan ruwa ya washe a mayar da ita bakin matattara.

Sauran abubuwan ba su da tsada. Bututun ruwan wanka da na wurin wanki ya bi hanyarsa dabam, kada a haɗa shi da na masai, ya nufi inda za ka dasa bishiya. Daɓen tsakar gida a karkata shi santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, zuwa gindin shuka, ba zuwa ƙofar gida ba. Kowane sashe na gidan a yi masa makullin ruwa nasa, domin idan wuri ɗaya ya lalace a rufe shi kaɗai. Shato a yi masa inuwa, bututun ambaliyarsa kuma ya zubo inda ido yake gani. Akwai kuma haƙƙin gari a cikin wannan. Ambaliyar 1945 ce ta sa aka tashi tsohuwar Maraɗi daga kwarin Gulbi aka hau tudu, yau kuma ruwan da kowane gida yake korowa titi shi ne yake haɗuwa ya ci hanyoyi yana gangarawa kwarin. Wanda ya riƙe ruwan rufinsa ya rage wa na ƙasa da shi.

Tambaya: Malam, ni ne ma'ajin kwamitin wani masallacin unguwa a Sabon Gari. Ruwan alwala yana kwanciya a gaban masallaci ya zama taɓo, ga kuɗin ruwa yana yi mana nauyi. Mene ne mafita?

Amsa: Allah ya saka muku da alheri, Malam. Ruwan alwala shi ne mafi kyau a cikin duk ruwan da aka yi aiki da shi, domin ba sabulu ba maiƙo, kuma sau biyar yake zuwa a rana ba fashi. Masallata ɗari, kowa ya yi da buta mai lita biyu a kowace salla, lita 1,000 ke nan kullum, abin da zai raya bishiyoyi masu yawa. A gina dakalin alwala da kwata mai ɗan gangare, a sa raga a ƙarshenta, daga nan bututu ya ɗauki ruwan zuwa wani dogon rami da aka cika da tsakuwa aka rufe da ƙasa, a dasa mangwaro ko lemo a gefensa. Dogon yaro ma yana yi, amma a nisanta shi da katanga saboda saiwarsa. Sharaɗi ɗaya ne: ruwan wurin tsarki kada ya haɗu da wannan, ya tafi raminsa.

Batun kuɗi kuwa, famfo a buɗe shi ne babban mai ci. Mutum ya saki ruwa minti biyu yana alwala, ya zubar da lita goma ko fiye, alhali buta ɗaya ta ishe shi har da saura. Ya tabbata a hadisin Anas ɗan Malik cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya, mudun Annabi kuwa bai cika lita ɗaya ba. Idan liman ya tunatar da jama'a wannan, kwamiti kuma ya bar famfo biyu kawai don cika butoci, za ku ga bambanci a takardar wata mai zuwa.

Tambaya: Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ta ofishinmu, ana iya amfani da shi? Daga wata ma'aikaciya.

Amsa: Ana iya goge ɗaki da shi, a ba furanni, a zuba a dutsen guga mai tururi, amma ba a sha, domin ya bi ta ƙarafa masu ƙura. Sai dai ki sani, Malama, daga laimar iska yake fitowa, saboda haka a damina zai cika miki bokiti, a watan Maris da Afrilu kuwa da ake neman ruwa ido rufe, da ƙyar zai jiƙa gindinsa.

Tambaya: Malam, ni malamin makaranta ne a wani ƙauye kusa da Madarunfa. Ruwan rijiyarmu yakan yi gurɓiri. Na ji an ce ƙwayar zogale tana tace ruwa har a sha. Gaskiya ne? Sannan yaya yara sittin za su wanke hannu da jarka biyu?

Amsa: Rabin maganar gaskiya ce, Malam. Idan aka ɓare busasshiyar ƙwayar zogale aka daka ta lilis, aka dama garin a ruwa, kamar ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya, aka motsa sosai aka bar shi awa ɗaya ko biyu, laka za ta dunƙule ta kwanta, ruwa ya yi garau. Amma garau dabam, lafiya dabam. Bayan an tsiyaye na saman sai an ƙara ɗaya daga cikin uku: a tafasa shi har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a jefa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs bisa ma'aunin da ke jikin takardarta a jira rabin awa, ko a zuba shi a kwalaben roba fararen da ake ganin ciki a shimfiɗa su a kan rufin kwano awa shida cikin rana mai ƙarfi, kwana biyu idan akwai gajimare. Ku da kuka ga annobar amai da gudawa ta 2018 a yankinku ba sai an yi muku dogon bayani ba. Akwai kuma abin da duk waɗannan hanyoyin ba sa cirewa. Yaran Tibiri da haƙoransu da ƙasusuwansu suka lalace a shekarun 1980 da 1990, sinadarin fulor ne da ya yi yawa a ruwan burtsatse ya jawo musu, ruwan kuwa fari ne tas. Don haka duk sabuwar rijiyar burtsatse a kai ruwanta awo kafin a fara sha.

Randar aji kuma a huda ta kusa da gindi a liƙa mata famfon roba, a rufe bakinta, a daina tsoma moɗa. Sanyin randa yana nan, hannun yara sittin kuwa ya daina shiga ciki.

Wanke hannu da ɗan ruwa yana da dabara mai sauƙi da 'yan ajinka za su haɗa da kansu. A kafa sanda biyu masu gwafa, a gitta ta uku, a rataya galan mai lita biyar ta hannunsa. A huda shi da ƙusa mai zafi ɗan ƙasa da murfin. A ɗaura igiya daga wuyansa zuwa wata sanda da ke kwance a ƙasa. Idan yaro ya taka sandar sai galan ya sunkuya ruwa ya tsiyayo siriri, ya ɗaga ƙafa ya tsaya. Sabulu a huda shi a rataye a gefe, in babu a ajiye toka. A ƙasa a zuba tsakuwa, a dasa zogale ɗaya kusa da wurin.

Tambaya: Ɗana, ni tsohuwa ce, ina da 'yan tumatir da barkono da na'ana'a a bayan ɗaki. Safe da yamma nake ba su ruwa, kafin azahar sun yi yaushi, ga ƙafata ba ta son yawan kai da kawowa. Jikata ce ta rubuta mini. Daga Mokoyo.

Amsa: Allah ya ƙara lafiya, Inna. Ruwan da kike zubawa a saman ƙasa rana ce take shanye rabinsa, rairayi kuma ya tsiyaye saura kafin saiwa ta samu. Ki aiki jikar taki kasuwa ta sayo ƙananan tukwanen ƙasa, waɗanda ba a shafa musu komai ba, irin masu tsattsafo da ruwa kamar sabuwar randa. A binne kowace tukunya har wuya a tsakiyar shuke-shuken, tazarar shuka da tukunya kamar tafin hannu biyu, a cika ta da ruwa, a kife mata tsohon kwano ko fasasshen kasko saboda sauro da rana. Idan ƙasa ta bushe sai ta riƙa tsotso ruwa ta jikin tukunyar, idan ta jiƙe sai tsotson ya ragu, saiwoyi kuma da kansu za su zo su nannaɗe ta. Tukunya ɗaya tana riƙe shuka uku ko huɗu, kuma maimakon safe da yamma, sai bayan kwana biyu ko uku za a leƙa a ƙara. Ruwa mai kyau ko na wanke ganye za a riƙa zubawa, ban da mai sabulu ko maiƙo, domin yana toshe jikin tukunyar. A baza ɓawon gyaɗa a kan ƙasar don ya tare rana. Na'ana'ar kuma a ware mata tata tukunyar a gefe guda, in ba haka ba za ta mamaye wurin ta hana barkonon sha.